Gurbin Kulu da Kadunar da Ba Mu Je Ba

Ranar addu'ar bakwai ta babanku, Allah ya jiƙansa, ina daga cikin ɗaki na ji Baba Sani, yayansa, yana ba baƙi labari a tsakar gida. Ya ce da ƙanin nasa bai yi taurin kai ba, da a Kaduna ake wannan zaman makoki, a gida mai bene. Aka ɗan yi dariya irin ta rage zafin rashi. Ban ji haushinsa ba, don da bakin nan na san shi tun ina amarya. Amma na ga yadda kuka sunkuyar da kai, sai na gane kun daɗe kuna ɗauke da maganar nan, kuna zaton tsoro ko rashin dabara ne ya sa ubanku ya saki aikin da zai sauya mana rayuwa. Shi bai taɓa kare kansa ba. Ni da nake wurin zan faɗa muku yadda aka yi.

Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Gusau ta cika da sababbin ma'aikata, haya ta yi tsada, mu kuma muna ɗaki biyu a gidan haya tare da Inna, kakarku, da kajinta. Babanku yana yi wa wani asibitin haihuwa aiki. Mai asibitin, Likita kawai muke ce masa, yana da babban wuri a Gusau da ƙananan rassa biyu, ɗaya a Tsafe ɗaya a Bunguɗu. Kowane wuri da kwamfuta guda, lulluɓe da zane kamar jaririya. Babanku ne ya rubuta musu furogiram, abin da ku yanzu kuke kira manhaja, wanda ake shigar da bayanan mata masu zuwa awo. A shekarar ya rubuta sabo. Burinsa shi ne duk ƙarshen mako a ɗauko bayanan rassa a faifan kwamfuta, a haɗe su a Gusau, a mayar wa kowa da cikakken kwafi, ta yadda duk matar da ke da kati za a san ta a kowane reshe ta faɗa.

Sai sabon furogiram ya ƙi buɗewa a Tsafe. Na tambaye shi dalili muna cin tuwon rana, ya ajiye loma ya dubi kantata.

“Ki ɗauka furogiram ɗin nan mai girki ce da ta haddace kantarta,” in ji shi. “Gishiri a gwangwanin farko, kanwa a na biye, daddawa a na gaba. Ma'ajiyar bayanai ita ce kantar, kowane abu da gurbinsa. To na koya wa mai girkin sabuwar miya mai son citta. Ta miƙa hannu, babu gurbin citta a kantar Tsafe, sai ta tsaya cak.”

“Ai gara ta tsaya,” na ce.

“Gara kam. Abin tsoro shi ne ta ɗebo kanwa tana zaton gishiri ne.”

Inna tana gefe tana tsince wake ta ce, “Wagga na'ura taku, in ta iya miya ku kawo ta nan ta hutas da mu.”

Da can, duk lokacin da ya sauya wani abu a furogiram, sai ya hau mota ya je kowane reshe ya gyara guraben ma'ajiya da hannu. Wani lokaci ya manta ɗaya, wani lokaci ma'aikata su taɓa. Shi ya sa kantocin uku suka bambanta da juna, kuma babu wadda ta yi daidai da abin da mai girkin ta haddace. Sai ya zauna ya rubuta wani ɗan ƙaramin furogiram da zai riƙa shiga gaba da zarar an kunna na'ura. Ya duba abin da babban yake nema, ya duba abin da ke cikin ma'ajiya, ya ajiye kwafin tsohon, sannan ya daidaita su da kansa: inda babu gurbi ya buɗe, inda gurbi ya yi kaɗan ya faɗaɗa, inda ya ga wanda ba a san da shi ba ya cire. Da ya gama yi mini bayani na ce masa, ai wannan mai jere ce, wadda ke shiga ɗaki ta shirya kafin a kawo amarya. Ya yi dariya har ya ƙware. Tun daga ranar nan, sunan ya bi ta, har ma'aikatan asibiti mai jere suke cewa. A Tsafe ta yi aiki tsaf. Har gurbin suna, da ya yi gajarta yana datse wa Abdurrahman wutsiya, ta faɗaɗa shi.

Ana cikin haka saƙon Kaduna ya zo. Wani kamfani mai kafa wa bankuna kwamfuta ya ɗauke shi, da gida da albashin da ban taɓa jin irinsa ba. Sharaɗinsu guda: ya kama aiki farkon wata, don akwai wani a bayansa yana jira. Na yi sujada a tsakar ɗaki. Na fara naɗe kwanukana a tsofaffin zannuwa, na ba tela ɗinkin labule, maƙwabta suka fara shigowa sallama. Inna ta ce za ta bi mu, amma da zakaranta. Abin da ya rage wa babanku shi ne ya saki mai jere a Bunguɗu, ya miƙa wa Likita aiki, mu ɗaure kaya.

Yana da wata ɗabi'a da nake so ku riƙe. Ba ya sakin abu a kan bayanan mutane sai ya gwada a kan kwafi, kuma sai ya jera na da da na yanzu ya bi su da ido. Wata ranar Alhamis bayan azahar aka kawo wuta, ya gwada a kan kwafin Bunguɗu da na'urar da ya aro. Ina wanki na ji shiru ya yi yawa. Can ya kira ni. Ya sa tafin hannu ya rufe gefen da sunaye suke, ya ce in karanta ɗaya gefen.

A saman layin an rubuta KULU. A ƙasa kalmomi ne gajeru, wani wuri babu komai. Jini. Wuƙa. Jijjiga. Jini sosai. Ta daɗe a gwiwa. Biyu ba rai.

“Ni ban buɗe wannan gurbi ba,” ya ce. “Mai jere ba ta san shi ba, ta share shi. Allah ya sa kwafi ne.”

Na san mai sunan. Hajiya Kulu ita ce babbar ungozomar reshen Bunguɗu, duk matan Nahuce, garinmu, sun san hannunta. Na ce masa wannan ya yi kama da abin da mata ke faɗa mata a ɗakin ciki. Ya ce shi ma haka ya zata, amma zato bai isa ba, gobe zai je ya ji daga bakinta.

Abin da ya samo shi ne wannan. A tsohon furogiram akwai gurbin haihuwa nawa, lamba kawai ake sawa. Akawun da ke tambaya namiji ne, a bakin ƙofa, gaban kowa, sau da yawa uwar miji na tsaye. Kun san matanmu. Wata ba za ta ƙirga ɗan fari ba don kunya, wata ba za ta ƙirga wanda ya koma ba, kuma babu wadda za ta buɗe baki ta gaya wa namiji yadda haihuwarta ta baya ta kasance. Sai an shiga ciki, an ja labule, Hajiya Kulu tana shafa ciki tana hira, sannan magana ke fitowa. Ta ga tana tsufa, kanta ba zai riƙe duka ba, sai ta roƙi wani ɗan bautar ƙasa da ya taɓa zama da su ya buɗe mata wuri a na'ura. Bai san sunan da zai sa ba, ya sa nata. Ya gama shekararsa ya tafi bai gaya wa kowa ba.

Likita ya biyo gidanmu da la'asar ranar Asabar. Ina bayan labule na miƙa ruwa, na ji komai. Mutumin kirki ne, amma a gajiye yake, kuma ya ƙagu a gama.

“Malam, me ake kira KULU a likitanci?” ya ce. “Sabon furogiram ɗinka ai yana da wurin tarihin haihuwa, a tsare. A share wancan, duk wadda ta dawo a sake tambayarta.”

“Wa zai tambaye ta, Likita? Akawu?”

Likita ya ɗauki ruwan ya kurɓa.

“Abin da ke gurbin nan shekaru aka yi ana tara shi a bayan labule,” in ji babanku. “Wasu ma ba Bunguɗu za su koma ba, Tsafe za su faɗa ko nan. Kuma ba zan iya kwashe shi haka nan in zuba a sabon wuri ba. Hajiya da yadda ta ga dama take rubutu. Wani wuri wuƙa tiyata ce, wani wuri ɗan ƙari ne kawai aka yi don jariri ya fito. Sai na zauna da ita layi-layi.”

“Zai kai yaushe?”

“Zai wuce farkon wata.”

“To Kaduna fa? Ni na yafe. Ka saki abinka yadda yake, in sa maka hannu ka tafi. Babu mai cewa ka yi ha'inci.”

“Na sani,” ya ce. “Na gode.”

Akwai wanda zai ce me ya hana ya bar wa wani. A Gusau ta lokacin masu buga takarda a kwamfuta suna da yawa, amma mai iya shiga cikin furogiram ya sauya shi, wanda Likita zai iya biya, babu. Me ya hana ya tafi ya dawo daga baya? Mutanen Kaduna sun ce watannin farko jiha-jiha za a riƙa yawo da shi. Kuma Tsafe da Gusau sun riga sun koma sabon tsari, in aka bar Bunguɗu a tsohon ba za a iya haɗa faifan ba, in aka saki mai jere kuma gurbin ya tafi.

Baba Sani ya zo washegari daga tasha, da makullan mota a hannu, ko zama bai yi ba.

“Kai, mi nika ji haka? Anka ba ka Kaduna, kac ce sai ka gama karatun tsohuwa? Ɗiyanka hwa? Mutane na gudu su shiga gaba, kai kana gadin rubutun ungozoma!”

“Yaya, mako biyu kawai zan roƙe su.”

“Su jira ka? Gwamna kake?”

Ya juya wurina. “Amarya, ke ba ki magana? Ko labulen naki a nan za ki rataya shi?”

Na ce, “Yaya, abin da Malam ya gani shi ne.”

Inna ce ta kashe maganar. Ba ta ɗago daga tasbaharta ba.

“Sani, zamna ko ka tahi. Ni ban san kwamfuta ba. Amma ran da munka tashi daga tsohon gida, ƙullin da ban san mi ac ciki ba ban yas ba, sai da nit tambayi mai shi. In yaron ga ya ce akwai ran mutane ciki, bar shi ya kwance.”

Bayan sun watse ya same ni a kicin. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce ya yi istihara, kuma ya san haƙƙina ne da naku yake taɓawa, in na ce a tafi zai sake tunani. Na dube shi, na tuna kalmomin nan da na karanta a gefen tafin hannunsa. Ina son Kaduna, Allah ya sani. Na ce masa ya je Bunguɗu. Da ya fita na yi kukana na share, na kwance kwano ɗaya na zuba miya.

Ya je wurin buga waya ya roƙi mutanen Kaduna. Suka ce sun ji, amma ba su yi alkawari ba. Daga nan kullum da safe sai tasha. Damina ce, wani lokaci ya dawo jiƙe sharkaf da faifai a cikin leda a ƙirjinsa. Sau ɗaya na bi shi, da niyyar in wuce Nahuce gaida mahaifiyata, na zauna a benci ina kallonsu. Hajiya Kulu, ƙatuwar mace mai tabarau ɗaure da zare, tana gefensa. Ba ya kiran suna da ƙarfi, lambar kati yake karantawa, ta leƙa.

“Wagga? Wuƙa ta gaske, har Gusau anka kai ta. Sa ta cikin masu hatsari.”

“Wannan kuma an rubuta jini, sai alamar tambaya.”

“Ita tac ce kaɗan na, ƙanwatta tac ce sai da anka sauya tabarma. Ƙanwar nika bi.”

“To mu sa ta, Hajiya. Gara a yi shiri a banza.”

“Kai ɗan nan,” ta ce, “da mace kake da na koya maka karɓar haihuwa.”

Haka suka bi layin har ƙarshe. Ya buɗe wa maganar wuri na sosai a cikin furogiram, da zaɓi bayyananne, amma bai taɓa kalmomin Hajiya ba, ya bar su a gefe yadda ta rubuta. Ya sa duk matar da ke cikin masu hatsari, da an buga lambarta gargaɗi ya fito a saman allo kafin komai. Sannan ya koma kan mai jere ya sauya mata hali. Ta buɗe gurbi, ta faɗaɗa, ta kwashe bayani daga tsohon wuri zuwa sabo, duk da kanta. Amma in ta tarar da abin da ba ta sani ba, ba ta da izinin sharewa. Sai ta ajiye shi, ta rubuta a allo cewa ga baƙon gurbi, a nemi mai shi. Ranar da faifan rassa uku suka haɗu ba tare da ko layi ɗaya ya ɓata ba, ya shigo gida da tsire. A makon ne kuma ya sake buga waya, aka ce masa wancan na bayansa ya riga ya kama aiki.

Ba zan ɓoye muku ba, mun biya. Irin wannan dama ba ta sake zuwa ba. Mun ƙara shekaru masu yawa a ɗakin nan biyu, kuna kwana kai da ƙafa. Ya ƙare yana koyarwa da gyaran na'urorin mutane. Labulen Kaduna ya yi wa tagoginmu yawa, na ninke shi biyu na rataya.

Da kaka ta kama, an fara yankan gero, sai ga saƙo da hantsi cewa in zo asibiti, an kawo Saratu. Ƙanwata, Innarku Saratu, a 'Yankuzo take aure, can ƙasar Tsafe. Haihuwarta ta fari, kamar yadda aka saba, gida ta dawo Nahuce, ta yi awo wurin Hajiya Kulu, ta haihu a ɗakin mahaifiyarmu. Ta zubar da jini har muka fara salati, kuma da ta koma wurin Hajiya bayan haihuwar ta gaya mata. Dangin mijinta ba su san wannan ba, sun dai ga an mayar musu da ita da jaririya bayan wanka. Wannan karon naƙuda ta kama ta a ɗakinta, aka kai ta reshen Tsafe tare da uwar mijinta. Akawu ya tambayi yadda ta baya ta kasance. Uwar miji ta ce lafiya lau. Saratu ta ja mayafi ta rufe fuska, don ba za ta yi zancen 'yar fari a gaban surukarta ba. Sai nas ta karɓi tsohon katin Bunguɗu da ke jakarta ta buga lambar. Gargaɗi ya fito, a ƙasansa kalmomin Hajiya Kulu: jini sosai. Nas ba ta ko kwantar da ita ba, ta ce a nemi mota, Gusau, inda ake da jini.

Kafin ta haihu an gwada mu, an ɗebi nawa, an ɗebi na mijinta. Baba Sani da kansa ya kwaso mutum uku daga tasha, yana yi musu tsiya cewa jininsu duk shayi ne. Ta haifi namiji bayan azahar, jinin ya ɓalle kamar wancan karon, har ya fi. Amma komai na rataye yana jira. Da la'asar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Likita ya fito yana goge hannu, ya tarar da babanku a baranda. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

A hanyar gida na tambaye shi abin da ke cina.

“Malam, ka ga sunanta ran nan, ko? Ƙarƙashin hannunka?”

“Na gani.”

“Shi ya sa ka ƙi tafiya?”

“Da na ce miki don ita ne, da kin fi samun sauƙi, na sani,” ya ce. “Amma akwai sunaye a samanta, akwai a ƙasanta. Su ma suna da yayye.”

Ranar suna muka tafi 'Yankuzo. Mijin Saratu bai shawarci kowa ba. Da liman ya faɗi sunan, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita, sai mata suka juyo suna kallona suna guɗa, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Sunan babanku aka sa wa yaron.

Kun sha tambayata me ya sa duk 'ya'yan Saratu ina kiran su da sunansu, shi kaɗai nake ce wa Maisuna. Kun san ban taɓa kama sunan babanku da bakina ba, ko a takardar nan ban rubuta shi ba. Ranar addu'ar nan, lokacin da Baba Sani ke zancen gida mai bene, Maisuna ne ke zagayawa da buta yana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, uwarsa kuma tana kicin, a kan tukunyar tuwo.